Bin Sawun Sauti: Jagora Kan Sassan Kunne da Yadda Ake Ji

Kafin ka ci gaba da karatu, rufe bakinka ka yi "mmm" a hankali, ka riƙe sautin. Yanzu sa yatsa ka toshe kunnen dama. Me ka ji? Galibin mutane za su ji sautin ya tattara ya koma cikin kunnen da suka toshe, har ma ya ƙara ƙarfi. Abin da hankali zai kawo shi ne kunnen da aka toshe ya rage ji, sai ga shi ya fi ɗan'uwansa. Ajiye wannan a ranka, za mu dawo kansa, domin wannan ɗan gwaji yana iya bambanta maka matsalar da za ta iya jira da wadda ke bukatar ganin likita a ranar.

Hanyar da na ga ta fi sauƙi wajen gane kunne ita ce a ɗauki sauti guda a bi shi tun daga waje har inda ya zama magana a ƙwaƙwalwa. Zango uku yake yi kafin ya kai ga jijiya: na farko a cikin iska, na biyu a kan ƙashi, na uku a cikin ruwa. A kowane zango akwai abin da za ka iya gwadawa da kanka, kuma akwai irin lalacewar da ke faruwa a wurin kaɗai.

Mataki na farko: san abin da ke shiga kunnen

Sauti karkarwa ce. Idan abu ya kaɗa, sai ya ture iskar da ke kusa da shi, ita ma ta ture ta gabanta, a haka har ya iso gare ka da gudun kusan mita 343 a sakan ɗaya. Abu biyu ake aunawa. Na ɗaya, sau nawa karkarwar ke faruwa a sakan, wanda ake ƙirgawa da ma'aunin haz. Idan ta yi yawa sautin ya zama siriri kamar usur, idan ta yi kaɗan ya zama kakkaura kamar rugugin hadari. Kunnen yaro lafiyayye yana kama daga haz 20 zuwa kusan 20,000. Na biyu shi ne ƙarfin sautin, ana auna shi da desibel. Raɗa tana kusan desibel 30, hira ta yau da kullum kusan 60. Sai dai ma'aunin desibel ba ya hawa kamar tsani: ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka biyu. Riƙe wannan lamba, za ta yi amfani a gaba.

Mataki na biyu: fatar kunne da rami

Abin da muke nunawa mu ce kunne, wato fatar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe a gefen kai, guringuntsi ne da fata ta rufe. Aikinsa na mazurari ne. Lanƙwasa tafin hannunka ka sa a bayan kunne, ka fuskanci inda ake magana, nan take za ka ji muryar ta ƙara fitowa. Ka ƙara wa mazurarin faɗi ke nan. Su kuma kwarin da tuddan da ke jikinsa ba ado ba ne. Suna ɗan sauya sautin gwargwadon inda ya fito, kuma da wannan sauyi ƙwaƙwalwa ke gane ko daga sama abu yake ko daga ƙasa, ko gaba ko baya.

Daga nan sai rami. A jikin babba tsawonsa kusan santimita 2.5 ne, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan karkata. Shi ya sa idan za a ɗiga wa babba magani ake jan kunnen sama da baya domin hanyar ta miƙe, amma ga yaron da bai kai shekara uku ba ƙasa da baya ake ja. Tsawon ramin ya sa yana ƙara wa sautukan da ke kusa da haz 3,000 ƙarfi, wanda kuwa yanki ne mai muhimmanci wajen rarrabe baƙaƙen magana.

Sai batun dauɗar kunne, wadda sunanta ya ja mata baƙin jini. Kashi ɗaya cikin uku na ramin, ta wajen baki, shi ne ke samar da ita. Tana kama ƙura, tana hana fatar bushewa, tana kuma takura wa ƙwayoyin cuta. Fatar ramin tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje, tana ɗauke da dauɗar, motsin muƙamuƙi lokacin tauna da magana yana taimaka mata. Wato kunne yana share kansa. Mai cusa tsinken auduga ko ashana ko kan makulli yana mayar da abin da jiki ya riga ya turo waje ne, yana danƙare shi a zurfin da babu mai fito da shi, wani lokaci har ya yage fata ko ya soki dodon kunne. Abin da ya kamata a yi kaɗan ne: a goge bakin ramin da tsumma mai tsabta bayan wanka. Idan dauɗar ta taru har ta toshe ji, akwai maganin ɗigawa mai tausasa ta, idan bai yi ba ma'aikacin lafiya ya cire ta yana kallon abin da yake yi.

Af, idan ka taɓa yin tari lokacin da abu ya shiga ramin kunnenka, ba wani abin tsoro ba ne. Wani reshe na jijiyar da ke kula da maƙogwaro yana ratsa fatar ramin, shi ne ke ruɗa jiki a wasu mutane.

Mataki na uku: dodon kunne da ƙasusuwa uku

A ƙarshen ramin akwai tantani siriri, faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Shi ne dodon kunne. Iska ta buge shi, ya kaɗa daidai da yadda abin da ya yi sautin ya kaɗa. A bayansa akwai ɗan ɗaki mai iska, shi ake kira kunnen tsakiya.

Tambayar da ta dace a yi a nan ita ce, me ya sa ba a haɗa dodon kunne kai tsaye da wurin ji ba? Duk wanda ya taɓa nutsa kansa cikin ruwa ana kiransa daga waje ya san amsar. Muryar ba ta shiga. Idan sauti ya fito daga iska ya tarar da ruwa, kusan dukkansa komawa baya yake yi, abin da ke shiga bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. To, wurin ji na ainihi cike yake da ruwa. Dole a sami abin da zai tattara ƙarfin karkarwar ya danna ta cikin ruwan.

Wannan aiki ƙasusuwa uku ne ke yin sa, kuma masana sun raɗa musu suna da abin da suka yi kama da shi: guduma, uwar maƙera, da likkafa. Guduma tana manne da dodon kunne, tana miƙa motsi ga uwar maƙera, ita kuma ta miƙa wa likkafa. Likkafa ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, tsawonta kusan milimita 3. Ƙafarta tana zaune a kan wata 'yar taga da ke bangon kunnen ciki, wato wurin jin nan mai ruwa, tana shiga tana fita. Dabarar tana cikin bambancin faɗi. Ɓangaren dodon kunne da ke kaɗawa ya ninka tagar kusan sau 17, kuma jeren ƙasusuwan yana ƙara ɗan ƙarfi irin na sandar ɗaga dutse. Idan aka haɗa, matsin da ke isa ruwan ya ninka wanda ya bugi dodon kusan sau 20. Ka tuna da ƙusa: kanta da faɗi, bakinta da tsini, shi ya sa take shiga katako.

Akwai 'yan tsokoki biyu a ɗakin. Idan ƙara ta yi yawa, wadda ke jikin likkafa takan ɗaure ta rage motsin. Kada ka dogara da ita. Tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta kama, don haka harbin bindiga ko fashewar wani abu ya riga ya wuce kafin ta farga, kuma tana gajiya idan ƙarar ta daɗe.

Yanzu haɗiye yawu ka kasa kunne. Ɗan "ƙas" ɗin da ka ji, wani bututu ne ya buɗe. Ya taso daga kunnen tsakiya ya sauka bayan hanci, tsawonsa kusan santimita 3.5, ana kiransa da sunan Bartolomeo Eustachi, masanin sassan jiki ɗan Italiya da ya bayyana shi a ƙarni na 16. Yawancin lokaci a rufe yake, sai an yi haɗiya ko hamma yake buɗewa ya daidaita iskar ciki da ta waje. Shi ya sa kunne ke toshewa idan jirgin sama zai sauka ko mota tana gangarowa daga tsauni. Maganin shi ne haɗiya, hamma, ko taunar wani abu. Idan bai buɗe ba, toshe hanci ka rufe baki ka hura a hankali, ba da ƙarfi ba. Jariri kuwa a ba shi nono ya tsotsa.

Wannan bututun shi ne dalilin da ya sa ciwon kunne ya fi addabar yara. Nasu gajere ne, kuma kusan a kwance yake, don haka mura na hawa ta cikinsa cikin sauƙi, ruwa ya taru a bayan dodon kunne. Yaro ya yi zazzaɓi, ya yi ta jan kunne yana kuka da dare. Wani lokaci mugunya ta huda dodon ta fito, zafin ya lafa, iyaye su ɗauka an warke. Ƙaramar huda takan rufe da kanta cikin 'yan makonni idan an hana ruwa shiga. Amma kunnen da ya wuce mako biyu yana zubar da ruwa ba na zuba ido ba ne, domin ciwon yana iya cinye ƙasusuwan nan, ko ya bazu zuwa ƙashin bayan kunne. Kumburi da zafi a bayan kunne, musamman idan ya turo kunnen gaba, abin gaggawa ne.

Mataki na huɗu: katantanwa

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan zan fi daɗewa.

A cikin ƙashin gefen kai, wanda yana cikin mafi tauri a jiki, akwai wani bututu da ya naɗe kansa zagaye biyu da rabi da ɗan ɗoriya, kamar katantanwa. Faɗinsa duka bai kai santimita ɗaya ba, amma da za a warware shi zai kai kusan milimita 35. Cike yake da ruwa. Tun da ruwa ba ya matsuwa, akwai wata taga ta biyu a ƙarƙashin ta likkafa, wadda ke ɓullowa waje duk lokacin da likkafa ta danna ciki. Ba don ita ba, ruwan ba zai motsa ba.

A tsawon bututun an shimfiɗa wani tantani da ba daidai yake ba daga farko zuwa ƙarshe. A bakin katantanwa siriri ne kuma a ɗame yake, yana ƙara faɗi da laushi yayin da ake shiga ciki. Idan likkafa ta buga, sai wata igiya ta taso ta bi tantanin, kamar yadda ake kaɗa doguwar igiya daga gefe ɗaya, ta yi ta girma har ta kai wani wuri ta yi tozo, sannan ta mutu. Inda tozon ya tsaya ya danganta da irin sautin. Siririn sauti yana tsayawa a bakin ƙofa, kakkaura yana wucewa can ƙurya. Ta haka kunne ke rarraba sauti wuri-wuri tun kafin ƙwaƙwalwa ta sa baki. Wanda ya gano wannan shi ne Georg von Békésy, ɗan asalin Hangari, wanda ya fara aikinsa a ɗakin binciken wayar tarho, kuma ya sami kyautar Nobel a kan haka a 1961.

A kan tantanin ne ƙwayoyin ji suke zaune, cikin wani tsari da Alfonso Corti ya bayyana a 1851. Ana ce musu ƙwayoyi masu gashi, ko da yake ba gashi ba ne na gaske, wasu 'yan tsinkaye ne a jere a kansu, gajere na bin dogo, da zare siriri da ya haɗa kan wannan da gefen wancan. Idan tantanin ya motsa sai tsinkayen su karkata, zaren ya ja, wasu ƙofofi ƙanana su buɗe. Ruwan da ke saman ƙwayoyin yana da yawan sinadarin fotashiyam, sai ya kwarara ciki, wutar jikin ƙwayar ta sauya, ta saki sinadarin da ke tayar da jijiya. A daidai wannan gaɓa motsi ya zama saƙon lantarki. Motsin da ake bukata domin a ji sauti mafi rauni bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba.

Ƙwayoyin iri biyu ne. Na layin ciki kusan 3,500 ne a kowane kunne, kuma su ne ke aika kusan duk saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa ta zaruruwan jijiya kusan 30,000. Na waje sun kai kusan 12,000, a layi uku, kuma aikinsu ya fi ban mamaki. Suna miƙewa suna takurewa daidai da bugun sautin, suna ƙara wa tantanin motsi, kamar mai tura lilo a daidai lokacin da ya dawo. Suna ƙara wa sauti mai rauni kusan desibel 40 zuwa 50, suna kuma kaifafa bambanci tsakanin sautuka masu kama da juna. Wannan motsin nasu har ɗan sauti yake fitarwa, ya biyo ƙasusuwa ya fito ta ramin kunne. David Kemp ne ya fara auna shi a Landan a 1978. Wato lafiyayyen kunne ba ji kawai yake yi ba, yana ɗan amsawa, kuma da wannan amsa ake gwada jin jarirai a yau.

Ga abin da ya sa na daɗe a nan. Dodon kunne yana warkewa, idan bai warke ba ana yi masa faci. Ƙasusuwan ana iya gyara su ko a sa na roba ko na ƙarfe a madadinsu. Amma ƙwayoyi masu gashi, da adadin da aka haife ka da shi za ka rayu. Tsuntsaye da kifaye suna sake tsirar da nasu idan sun lalace, mutum ba ya yi. Kuma waɗanda ke bakin katantanwa, masu kama siririn sauti, su suka fi saurin mutuwa, ko saboda shekaru ko saboda ƙara. Wasulan magana kakkaura ne, su ke ɗauke da ƙarfin murya. Baƙaƙe irin su "s" da "f" da "sh" da "ts" sirara ne, su ke ɗauke da bambancin kalma. Shi ya sa dattijo zai ce "ina jin muryarka, amma ban gane me ka ce ba". Ka ce fata, ya ji sata. Ba kunnen ƙashi yake yi ba, kuma ɗaga masa murya ba ya warware matsalar, domin wasulan da yake ji dama su kake ƙara wa ƙarfi. Fuskance shi, ka rage sauri, ka kashe rediyon da ke gefe.

Mataki na biyar: daga jijiya zuwa fahimta

Jijiyar ji tana shiga gindin ƙwaƙwalwa, saƙon ya yi 'yan zangon-zango kafin ya kai yankin ji da ke ɓangaren gefen kai. Tun a zango na biyu ake haɗa saƙon kunnen dama da na hagu a kwatanta su. Sautin da ya fito ta dama yana riga isa kunnen dama da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma yana isa na hagu da ɗan rauni saboda kai ya tare shi. Da wannan ɗan bambanci kake juyawa inda aka kira ka.

Gwada: rufe ido, ka sa wani ya kaɗa makullai a wurare daban-daban. Dama da hagu ba za ka yi kuskure ba. Amma idan ya tsaya daidai gabanka ko daidai bayanka za ka iya ruɗewa, tun da sautin ya isa kunnuwan biyu tare, har sai ka ɗan juya kai. Toshe kunne ɗaya ka sake gwadawa, za ka gane wahalar da mai kunne ɗaya ke sha a kan titi ko a cikin taro.

Akwai kuma hanya ta biyu da sauti ke bi. Ƙoƙon kai da kansa yana kaɗawa ya kai karkarwa ga katantanwa ba tare da bin rami ba. Muryarka ta nan take zuwa maka da ƙarin kauri, shi ya sa idan ka ji ta a rikodin sai ka ce ba taka ba ce. Taka ce, haka kowa ke jin ta. Wannan kuma shi ne sirrin "mmm" ɗin farko: da ka toshe rami, ka hana hayaniyar waje shiga, ka kuma hana karkarwar da ta biyo ƙashi tserewa waje, sai ta fi ƙarfi a wannan gefe.

Mataki na shida: maƙwabciyar katantanwa

A jikin katantanwa akwai bututu uku masu siffar baka, kowanne yana fuskantar nasa ɓangaren, da 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyin alli. Ba ji suke yi ba, daidaiton jiki suke kula da shi. Idan ka yi ta juyi ka tsaya, ruwan cikin bututun bai tsaya ba tukuna, shi ne hajijiyar da kake ji. Wani lokaci tsakuwa takan ɓalle ta faɗa cikin bututu, mutum ya riƙa jin ɗaki na juyawa na 'yan sakanni idan ya juya a kan gado. Likita na iya mayar da ita ta hanyar juya kan mutum cikin wani tsari, ba tare da magani ba.

Mataki na bakwai: gano inda matsala take

Raunin ji iri biyu ne a dunƙule. Ko dai an tare wa sautin hanya, saboda dauɗa, ruwa a kunnen tsakiya, hudar dodo ko ƙashin da ya daskare, ko kuma katantanwa ko jijiya ce ta sami matsala. Na farko yawanci yana gyaruwa.

Idan ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke, yi "mmm" ba tare da ka toshe komai ba. Idan ka fi jin sautin a kunnen da ya ɗauke, alama ce ta toshewar hanya. Idan kuwa sautin ya koma lafiyayyen kunnen, to mai yiwuwa matsalar a ciki take, kuma wannan na gaggawa ne. Ɗaukewar ji ta farat ɗaya daga kunnen ciki ana magance ta da magungunan rage kumburi, kuma sun fi aiki idan an fara cikin kwanakin farko. Bayan mako biyu damar tana raguwa sosai. Mutane da yawa suna ɓata waɗannan kwanaki suna zaton dauɗa ce. Gwajin ba ya maye gurbin likita, kuma ko me ya nuna, ji da ya ɗauke kwatsam ya cancanci a duba shi da wuri. Likitan ma irin wannan gwaji zai fara yi, da wani ƙarfe mai baki biyu da ake bugawa a ɗora a goshi da bayan kunne, kafin a kai ka ɗakin da ake auna ji sauti bayan sauti.

Sauran alamun da ba a jinkiri a kansu: jini ko ruwa garai-garai daga kunne bayan buguwar kai, ciwon kunne tare da karkacewar fuska, ƙara a kunne ɗaya kawai da ta ƙi tafiya, ko wadda ke bugawa daidai da bugun zuciya. Idan ƙwaro ya shiga, kada a zungure shi. A karkata kai a ɗiga ɗan mai mai tsabta ya mutu, muddin babu hudar dodo, sannan a je a cire. Idan ƙaramin batirin agogo ne yaro ya cusa, kada a zuba komai, a tafi asibiti nan take, domin yana ƙona nama cikin 'yan awanni.

Mataki na takwas: tsare abin da ba ya dawowa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce fiye da mutum biliyan 1.5 ke da raunin ji, kuma kusan miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar taimako. Hukumar ta kuma ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗari saboda yadda suke sauraron sauti.

Ga inda lambar nan ta desibel 3 ke aiki. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce desibel 85 na awa takwas. A 88 lokacin ya koma awa huɗu, a 91 awa biyu, a 100 kuwa minti 15 ne kacal. Ba ka da na'urar awo? Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin ya kai matakin cutarwa. Matsa nesa da lasifika ko injin, sa abin toshe kunne, ka riƙa fita kana hutawa. Ga mai iyafis, kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya, kuma wanda ke rufe hayaniyar waje ya fi, domin hayaniyar ce ke sa a ƙara murya. Idan ka baro wuri kunnenka na ƙugi ko magana na zuwa maka kamar ta cikin bargo, ƙwayoyin sun jigata. Washegari jin zai iya dawowa, amma ba lallai ne komai ya koma yadda yake ba, kuma ɓarnar taruwa take yi a hankali ba tare da zafi ba.

Wasu magunguna ma suna taɓa katantanwa, kamar allurar jentamaisin da sitiraftomaisin, kwinin, wasu magungunan kansa, da asfirin idan an sha da yawa. Ba a ce a guje su idan likita ya rubuta ba, amma kada a sha da ka, kuma a gaya masa da zarar an fara jin ƙara ko jiri. Rigakafin ƙyanda, hangum da sanƙarau kariya ce ga ji, kuma duk wanda ya tashi daga sanƙarau ya kamata a auna jinsa da wuri.

Idan ƙwayoyin sun ragu, na'urar ƙara ji tana ƙarfafa sautukan da suka ɓace kawai, gwargwadon awon mutum, shi ya sa ba a aron ta wani. Idan sun ƙare gaba ɗaya, akwai na'urar da ake dasawa ta tiyata, a zura siririyar waya cikin katantanwa ta riƙa tayar da jijiya kai tsaye, tana bin tsarin nan na siriri a baki, kakkaura a ƙurya.

Ga jariri kuwa lokaci ne komai, domin da ji ake koyon magana. Gwajin ba ya ciwo, ana yin sa yana barci: a sa ɗan abu mai laushi a bakin ramin, a aika sauti, a saurari amsar katantanwa. Tsarin da ƙwararru ke ba da shawara shi ne a yi gwajin kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsala idan akwai kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Inda ba a sami yin gwajin ba, uwa ta lura: yana firgita idan an buga ƙofa, yana juyowa wajen murya a kusan wata shida, yana gwalantun "ba-ba" da "ma-ma" kafin ya shekara? Idan ɗaya daga ciki ya yi jinkiri, a kai shi a auna, kada a jira ya fara tafiya.